Kafin mu yi sha'awar Comic Con na Legas, mu tuna Moustapha Alassane na Tawa



Duk mai zama fada da dare ya san hotunan nan da ke yawo cikin salula. Samari da ƴan mata sun cika wani ƙaton zaure a Legas, wannan ya yi shigar Spider-Man, wancan ya ɗaure goshi irin na Naruto, wata ta rataya takobin roba, ga tebura an jera littattafan zane ana saye. Sunan taron Comic Con. Da hoton ya iso, sai fada ta rabu biyu. Ƙanana su ce kai, ina ma a ce muna wurin. Manya su ce aikin banza, ƙattai da gemu sun koma yara.

Ni ra'ayina shi ne ya kamata mu yi irin wannan taro a nan ƙasar Adar, kuma idan an yi, iyaye su bar ɗiyansu su je, su ma su leƙa su gani da idonsu. Amma da sharaɗi: a gina shi bisa abin da muke da shi a gida. Idan kayan Spider-Man za mu yi odar su daga Kano mu sa wa yara mu ɗauki hoto, gara a bar kuɗin a sayi hatsi.

Ga wanda bai san abin ba, taro ne na masu zana labari a takarda, wanda a lakwal muke ce ma BD, da masu yin zane mai motsi, da masu wasannin bidiyo, da kuma masoyansu. Wanda ya fi suna shi ne na birnin San Diego a Amurka. An fara shi a 1970 da mutum kamar 300 cikin ɗakin ƙasa na wani otel, yau sama da mutum dubu 130 ke zuwa. Faransa ta fara nata a Angoulême a 1974, Aljeriya a 2008, na Legas kuwa wani mai suna Ayodele Elegba ya kafa shi a 2012. Na San Diego ɗin nan da ake ta kururutawa, ba gwamnati ta fara shi ba. Wasu ƴan tsirarun masu son karatun zane ne, cikinsu har da ƴan makaranta, suka haɗa hannu suka kama ɗaki.

To, masu cewa wannan al'adar Turawa ce, ina da tambaya gare su. Shin kun san cewa ɗaya daga cikin mutanen farko da suka yi zane mai motsi a Afirka ta bakar fata, a Tawa ya yi zamansa shekara da shekaru?

Sunansa Moustapha Alassane. An haife shi a 1942. Tun yana yaro yake yanka kwali ya haska shi da fitila, inuwa ta fito a bango, ya yi wa mutane wasa da ita. Makanike ne kafin ya shiga harkar fim. A Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, daga nan ya tafi Kanada ya ga yadda Norman McLaren ke aikin zane mai motsi. A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, fim ɗin da ya samu kyauta a babban bikin fasahar baƙar fata da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekarar ya yi Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na kamar minti 5, inda wani kwaɗo shugaban ƙasa ke tafiya ziyarar aiki, ana yi masa fareti, ana buga masa badujala, ana jawabai. Ku duba fa, shekara shida kacal bayan samun ƴancin kai, ɗan Nijar ya zana shugabanni a siffar kwaɗi yana yi musu shaguɓe. Daga baya ya yi Kokoa, inda ya haɗa ƴan tsana da hannunsa, kwaɗi da hawainiya suna kokowa cikin fili, ƴan kallo na ihu, kamar dai yadda muke yi idan an buɗe gasar Takobi. Ya koma Tawa ya buɗe otel, ya mayar da wani sashe wurin aikinsa, yana zane yana koya wa na kusa da shi. Allah ya yi masa rasuwa a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. Allah ya jiƙansa.

A 2017 babban gidan adana kayan fasaha na MoMA a birnin New York ya ware kwanaki yana nuna finafinansa. Turawa sun biya kuɗi sun zauna sun kalla. Mu kuwa da ke ƴan awoyi a mota daga inda ya yi aikin, shiga CEG ko lise ka tambayi ƴan aji wa ke Moustapha Alassane. Za su ba ka tarihin Naruto tun daga kakansa, amma wannan sunan sai su dubi juna. Laifin ba nasu ba ne. Ba wanda ya taɓa nuna musu.

Akwai wani fim nasa da nake so duk mai niyyar shirya irin wannan taro ya kalla kafin ya fara, shi ne Le Retour d'un aventurier, shi ma na 1966. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi. Ya rarraba wa abokansa na ƙauye, kowa ya sa, kowa ya canja suna ya ɗauki na Turawa. Daga wasa sai abu ya zama gaske. Suka shiga satar dawaki, suka addabi gari, suka raina dattawa, har suka koma faɗa da junansu. Marigayiya Zalika Souley na cikin waɗanda suka fito a ciki. Mutumin nan tun shekara kusan sittin da suka wuce ya hango abin da muke gardama a kai yau. Bai ce kada a so kaboyi ba, shi kansa yana son finafinansu, shi ya sa ya yi nasa. Abin da ya nuna shi ne yadda kayan aro ke hawa kan mutum idan ba shi da nasa da zai sa. Mu Adarawa da kusan kowane gida ke da ɗan cin rani, mun fi kowa sanin wannan akwatin. Da rediyo ne da agogo, yau salula ce cike da bidiyo.

Shigar kwaikwayo kuwa, wadda su ke ce ma kosfile, wa zai koya wa Bahaushe ita? Idan azumi ya kai goma, mi yara ke yi? Tashe. Yaro ya liƙa gemun auduga, ya cusa tsumma a ciki, ya ɗauki sanda ya zama tsoho. Wani ya zama mai magani, wani ya zama malami da allonsa, ƴan mata su yi na miji da mata suna kwaikwayon rigimar cikin gida har uwar gida ta yi dariya ta ba da hatsi. Ba wanda ya yi musu odar kaya daga ko'ina. A Damagaram akwai Wasan Kara, inda talaka ke shigar sarki ko gwamna ko shugaban ƙasa, da dogarai da sojojinsa, manyan na gaske suna zaune suna kallon yadda ake kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu. Ɗan kokowa ma idan ya shigo fili da guraye da layu yana kirari, makaɗa na zuga shi, ai shiga ce ta musamman, kuma yara na kwaikwayonta a bayan gida. Bambancin mu da mutanen Legas ɗaya ne, su sun sa wa abin rana da wuri da tebur na sayarwa.

Kuma jihar Tawa ba baƙuwar shirya gasa ba ce. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Mawaƙa na da gasar da ke ɗauke da sunan Ɗan Gurmu. Ɗan kokowa na da takobi, mawaƙi na da kyauta, mai zane ko tabarmar zama ba shi da ita.

Shi wannan mai zanen shi ne dalilin rubutun nan. Kowane aji na da shi. Yaro ne ko yarinya da bayan kayensa ya cika da dawaki, da motoci, da fuskar mushe. Idan an kama shi, bulala ce a lakwal, a gida kuma a ce yana ɓata kaye da bik da aka saya da wahala. Idan ya yi sa'a, mushe zai riƙa kiransa ya zana taswirar Nijar ko zuciyar ɗan Adam a allo, shi ke nan iyakar amfanin baiwarsa. Ya bar makaranta, kaka ta wuce, ya hau mota sai Abijan ko Legas, ya kama tura baro ko sayar da shayi. Ba na raina sana'ar kowa, da kuɗin cin rani aka gina rabin gidajenmu. Amma wannan yaron bai taɓa haɗuwa da wanda zai ce masa abin da kake yi aiki ne, ana cin abinci da shi, ga yadda ake raba shafi gida-gida, ga yadda ake sa magana a bakin mutum. Amfanin zuwa irin wannan taro ke nan. Na Tamaske ya ga na Bangi, na Karofan ya ga na Ibohaman, kowa ya gane ashe ba shi kaɗai ba ne mahaukacin garinsu.

Ƴan uwanmu na Abijan sun san Yopougon. To wata mata ƴar Kodebuwa, Marguerite Abouet, ta rubuta labarin ƴan matan unguwar, Clément Oubrerie ya zana, aka fitar da Aya de Yopougon a 2005. Ba mai tashi sama a ciki, ba mai fitar da wuta daga hannu. Hira ce ta unguwa, soyayya, cikin shege, uba mai fankama, uwa mai haƙuri. Littafin ya ci kyauta a Angoulême a 2006, an fassara shi harsuna da dama, an mai da shi fim a 2013. Idan rigimar Yopougon ta isa a zana ta duniya ta saya, mi ya hana ta tashar Madawa ranar da farashin albasa ya faɗi?

Labari kam ba mu rasa ba. Tun 1984 da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da taimakon Italiya, matan yankin suka yi shekaru suna ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a kan fako da gangaren tsauni, har wurin da ya mutu ya sake fitar da itace. Jikokinsu na nan suna kallon jaruman Japan, ba su san kakarsu ta yi abin da ya fi ƙarfin jarumin ba. Akwai layukan itatuwan da aka dasa a kwarin Magiya tun 1975 don tare iska. Akwai Agabba ɗan Sarkin Agadas da yadda sarautar Adar ta kafu. Akwai Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya gaban rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Ga Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami, waɗanda tun da tele da salula suka shigo tsakar gida ba mai kiran sunansu. Abin dariya, yaranmu na son mutum-gizo na Amurka, alhali namu Gizon ya fi shi wayo nesa ba kusa ba, illa dai shi ba ya ceton kowa sai cikinsa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu na da nauyi. Za su ce ana fama da tsadar hatsi, ƴan bindiga sun hana mutanen bakin iyaka barci, ga ƴan gudun hijira a wajen Bangi, kai kana maganar zane. Gaskiya ne. Amma duk da wannan hali ba a daina kokowa ba, ba a daina biki ba, ba a daina sayen kati ana kallon TikTok har kuran ya ɗauke ba. Yaro zai nemi nishaɗi ko an shirya masa ko ba a shirya ba. Kuma abin da nake magana ba ya cin miliyoyi. Harabar makaranta ko gidan matasa, tabarmi, igiya da za a rataya zane, rim biyu na takarda, fensir, da lasifika ɗaya. Shiga kyauta ga yara, babba ya ba da dala ashirin. Mai littafi ya yi fotokopi ya sayar dala hamsin. Telolinmu na da ƙyallayen da suke zubarwa, dukawa na da guntayen fata, kaba kuwa Madawa ce gidanta, wadda ta iya saƙa tabarma mai zane ba za ta kasa saƙa garkuwa da hular yaƙi ba. Yaran da ke ƙera motar kara da ta gwangwani su ma a ba su tebur, da masu zana allon aski da na shago, don su ne ƙwararrun masu zanen da muke da su a yanzu, ko da ba wanda ke kiransu haka.

Magana ta biyu ita ce ta addini, kuma ba a tsallake ta a garuruwanmu. Zanen abu mai rai mas'ala ce da malamai suka daɗe suna tattaunawa, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassauci musamman kan abin wasan yara da na koyarwa. Ba a Facebook za a yanke wannan hukunci ba, kuma ba ni zan yanke shi ba. Shawarata ga masu shiri ita ce su je wurin malaman gari da sarakuna tun kafin a buga sanarwa, su faɗi abin da za a yi dalla-dalla. Kada a bari sai an ji a huɗubar Juma'a. A yarda da iyaka: ba shigar tsiraici, ba a kai dare, lokacin salla a tsaya. Kuma a buɗe fili ga wanda ba ya zana mai rai. Almajirin da ya iya zayyanar allo, da mai kyan rubutun ajami, da mai ɗinkin hula, da yarinyar da ke zana lalle, duk hannu ɗaya ne da mai BD. Ta wannan ƙofar ce ma ƴan mata da yawa za su samu izinin zuwa, don uban da zai hana ɗiyarsa zuwa kallon samari masu takubban kwali ba lalle ya hana ta gasar lalle da rana tsaka tare da ƙawayenta ba. A kuma sa ido kan tsaro da gaske. A Kano ƴan sanda sun sha dakatar da tashe saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi suna ƙwace, kuma idan aka yi irin haka sau ɗaya a nan, an rufe babin ke nan.

Amma wallahi abin da na fi jin tsoro ba malamai ba ne, ba kuma rashin kuɗi ba. Na fi tsoron ranar da abin zai yi kyau manya su gane shi. Mun san yadda ake yi. A ce ƙarfe tara, babban baƙo ya zo sha biyu, yara na zaune cikin rana da gemun auduga yana saɓulewa. A yi jawabi bakwai, kowane da gaisuwar manya mai tsawon zango. Sannan wani proje ya kawo bandaroli da riguna, ya ce taken bana shi ne wanke hannu da sabulu, duk wanda zai zana sai ya zana wannan. Wanke hannu abu ne mai kyau, amma ba yaron da ya taɓa ɓoye littafi a ƙarƙashin tebur don yana son ya ga yadda za a ƙare da sabulu. Mun ga irin waɗannan littattafan faɗakarwa, ana raba su da safe, da marece mai ƙosai na naɗe ƙosai da su. Waɗanda suka yi lakwal a da suna tuna mujallar Kouakou har yau saboda labarin na da daɗi, ilimin kuma ya biyo baya. A bar yaro ya zana abin da ke ba shi dariya ko tsoro, ko da mushe ne da kunnuwan jaki. Alassane kwaɗo ya mai da shugaban ƙasa, kuma ƙasar ba ta rushe ba. Wanda zai taimaka da kuɗi, ko meri ce ko ɗan kasuwa ko ƙungiyar ƴan cin rani, mun gode, a rubuta sunansa a ƙofa, amma kada ya zaɓi wanda zai ci gasa. A bar yara su jefa tsakuwa cikin ƙwarya gaban zanen da ya fi burge su, a ƙirga a gaban kowa.

Naruto da Spider-Man fa, a hana su shiga? A'a. Wanda ya ɗinka kayansa da hannunsa ko ya kai wa telan unguwa, ya shigo, ai ya yi aiki. Yaron da ya koyi zana ido da gashi irin na Japan, da shi zai zana Gizo gobe. Abin da ba za a ba kyauta ba shi ne kayan leda da aka sayo a kanti, don wannan aljihun uba ne ya yi gasa.

Lokacin da ya fi dacewa a ganina shi ne kwana biyu ko uku bayan ƙaramar Salla. Kayan tashe ba su riga sun lalace ba, teloli sun huta daga ɗinkin Salla, yara na da ƴan kuɗin barka da Salla a aljihu, wasu ƴan cin rani ma suna gida. A riƙa zagayawa, bana Madawa, baɗi Buza, wata shekara Keita, don kada a ce gari ɗaya ya mallake. Gidajen rediyonmu na gari su yi sanarwa mako biyu kafin ranar, da Hausa da Tamajak da Fulatanci, don zanen bai san yare ba kuma yaran rugga da na zango su ma suna da hannu. Malaman makaranta kuma kowa ya san mai zanen ajinsa, shi za a fara gaya wa.

Bayan la'asar ta ranar farko, a rufe tagogin aji ɗaya, a rataya farin zane a allo, a nemi izinin iyalan Moustapha Alassane da masu riƙe da finafinansa, a haska wa yara Bon Voyage Sim da Kokoa. Duka biyun gajeru ne, batirin sola ɗaya ya ishe su.